Wa ya duba manhajar kafin ta iso kwamfutarka? Debian, Ubuntu, Fedora, AUR da Flathub a kan sikeli

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, tambaya guda ce ke ta zuwa min shago, wato me za a ɗora wa laftof a madadinta, kowa da irin rigar da ya sa mata. Yawancin laftof ɗin da ake sayarwa a Tip Toe Lane, nan Circle a Accra, na hannu ne da aka kwaso daga Turai, da yawansu kuwa Windows 11 ba ta karɓarsu, ko don ba su da na'urar tsaro ta TPM 2.0 ko don injin ya tsufa. Sai jama'a suka fara waiwayar Linux, tsarin da ake ɗorawa a madadin Windows, mai iri-iri. Na baya-bayan nan shi ne shugaban wata Islamiyya a Nima, wanda tsofaffin ɗalibansa da ke ƙetare suka aiko wa laftof 12. Ya zo tare da ɗan ƙanensa, saurayi mai karatun kwamfuta, wanda tun a cikin mota ya gama yanke hukunci cewa Arch, wani irin Linux, za a ɗora, wai don babu manhajar da ba a samu a AUR, ma'ajiyar masu amfani da ita.

Malam ya bar shi ya gama zuba, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ni duk sunayen nan ban san su ba. Abin da nake so in ji, kayan da yaran nan za su riƙa saukewa, wa ya duba su?"

Tambayar da ya kamata kowa ya fara da ita ke nan, sai dai masu sana'armu ba su cika yinta ba. Mun fi son gardamar wanne ya fi kyan fuska, wanne ya fi saurin tashi.

A Linux ba a yawon neman manhaja ɗaya-ɗaya kamar yadda aka saba a Windows. Kowane tsari yana da rumbunsa, inda aka tara dubban manhajoji, kowacce an ɗaure ta cikin ƙunshi tare da bayanin abin da take buƙata da inda kowane fayil zai zauna. Galibin masu ɗaurin nan 'yan sa-kai ne. Idan aka ce an duba ƙunshi, abu uku ake iya nufi, kuma mutane suna cakuɗa su. Akwai duban mutum: wani ya karanta yadda aka ɗaure, ya ga lasisi, ya ga daga ina aka ɗauko asalin rubutun manhajar. Akwai gwajin na'ura: a gina, a girka, a cire, a ga ko wani abu ya karye. Sai kuma gwajin kwanaki, wato a bar ƙunshin a hannun masu ƙarfin hali na wani lokaci kafin a sake shi ga kowa. Rumbunan sun bambanta ne a kan nawa daga cikin ukun nan suke yi, da kuma yadda suke tsananta su.

Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, ita ce mai yin duka ukun har ta gajiyar da kai. Ba kowa ke da ikon zuba kaya a rumbunta ba. Sabon shiga sai ya sami tsohon hannu da zai karanta aikinsa ya ɗora a madadinsa, kamar dai yaron shago da ba a ba shi makulli sai ya shekara ana ganin hannunsa. Sabon ƙunshi yana tsayawa a layin da suke kira NEW, inda wani rukuni ke bin fayilolinsa yana duba lasisi da haƙƙin mallaka, kuma jiran kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Akwai lintian, wadda ke tsefe ƙunshin tana neman inda ya saɓa ƙa'ida. Akwai piuparts, wadda ke girka shi, ta sabunta shi, ta cire shi, ta duba ko ya bar shara a baya. Akwai autopkgtest, wadda ita ce ta fi burge ni, don ba ƙunshin kaɗai take gwadawa ba, har da duk waɗanda suka jingina da shi. In ka sabunta wani abu ya karya na maƙwabcinka, kayanka ba za su wuce ba sai an daidaita.

Bayan layin NEW ƙunshin yana sauka a reshen unstable, wanda ake yi wa laƙabi da sid. A al'ada zai yi kwana 5 a can kafin ya haye zuwa testing, ko kwana 2 idan gwajin na'urarsa ya fita lafiya, da sharaɗin ba wanda ya kai ƙarar wata babbar matsala a kansa. Kusan duk shekara 2 sai a daskarar da testing na wasu watanni, a hana shigar sabon abu, a yi ta gyara har ta zama stable. Debian 12 ta fito a Yunin 2023, Debian 13 kuma ranar 9 ga Agustan 2025 da ƙunshi sama da 69,000. Daga ranar fitowa, gyaran tsaro da na manyan kurakurai kaɗai ke shiga, na kimanin shekara 5 idan aka haɗa da tallafin dogon zango.

Kuɗin da kake biya shi ne tsufa. LibreOffice ɗin da ka samu yau, shi ne za ka gani baɗi. Ga saurayi wannan kamar a ce ya sa rigar sallar bara ne. Ga makaranta kuwa alheri ne, don malamin da ya koyi inda maɓalli yake a zangon farko zai same shi a wurin a zango na uku. Abu ɗaya da mai tsohuwar na'ura zai lura da shi: Debian 13 ba ta da tsarin girkawa na injin 32-bit, don haka a duba injin kafin a fara.

Kada wani ya ɗauka cewa yawan matakai yana hana kuskure. A 2006 an yi wa OpenSSL wani ɗan gyara a Debian don a kashe gargaɗin da wata na'urar bincike ke bayarwa, ashe layukan da aka cire su ne ke sa makullan sirri su zama ba a iya hasashensu. Makullan da za a iya ƙirƙira suka ragu zuwa kimanin 32,768, abin da kwamfuta za ta ƙirga kafin shayi ya huce. Sai a Mayun 2008 Luciano Bello ya gano, bayan aibin ya shiga stable ya kuma ratsa zuwa Ubuntu. Duk na'urorin gwaji sun ce lafiya lau, domin manhajar tana tashi tana aiki. Ba a tambaye su ko makullin yana kulle ƙofa ba.

Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fara a 2004, tana ɗebo yawancin kayanta daga unstable na Debian, ta daskarar, ta gwada, ta fitar. A nan akwai wani bambanci da ko masu gyara ba duka suka san shi ba. Rumbun ya kasu. Sashen main kamfanin Canonical ne ya ɗauki nauyin gyaran tsaronsa, shekara 5 ga fitowar LTS, wato mai tallafin dogon zango. Sashen universe, wanda ya ninka main girma nesa ba kusa ba, na jama'a ne, kuma gyaransa ya danganta ga ko wani ɗan sa-kai ya sami sukuni. A allon sauke manhaja kuwa duk kamanninsu ɗaya. Wanda ya yi rajistar Ubuntu Pro yana samun gyaran universe, kyauta ne ga mutum ɗaya har na'ura 5, amma Malam 12 gare shi. Linux Mint a kan Ubuntu LTS take zaune, don haka ta gaji wannan rabon gado yadda yake. Mint 22 ta 2024 tana da tallafi har 2029, kuma a gaskiya ita ce ta fi sauƙi ga wanda hannunsa ya saba da Windows.

Sai PPA, ƙananan rumbunan da kowa ke iya buɗewa. A nan ni kaina na taɓa cin kasa. Shekarun baya wani mai shagon buga takardu a Mamobi ya kawo min firinta da ta ƙi aiki, na samo wani PPA da ke da direbanta, na ƙara, ta yi aiki, ya yi ta sa min albarka. Bayan wata shida mai PPA ɗin ya watsar da shi, ashe ya maye gurbin wasu kayan tsarin da nasa. Ranar da aka zo sabuntawa komai ya cije, muka kwana muna girkawa daga farko, ga katunan biki na jiran bugu. Ba mugu ba ne mutumin, ya gaji ne ya tafi. Laifin nawa ne da ban tambayi wa ke bayansa ba. PPA ba mai duba shi, kuma da zarar ka ƙara shi ka ba mai shi ikon canja kowane abu a na'urarka. Haka COPR yake a wajen Fedora.

Ita Fedora kanta tsarinta ya fi kama da na 'yan kasuwar da ke tsaya wa juna. Duk sabon ƙunshi sai wani mai ɗauri daban ya bi shi da jerin ƙa'idoji a bainar jama'a, da taimakon rpmlint da fedora-review, ya sa hannu. Sabon shiga kuma sai ya sami mai tsaya masa. Ana ginawa a na'urorinsu na Koji, ba a laftof ɗin mai ɗauri ba. Sabuntawa tana bi ta Bodhi, ta zauna a rumbun gwaji mako ɗaya ko biyu gwargwadon muhimmancinta, masu gwaji suna ba ta maki na yabo ko na suka da suke kira karma. In yabo ya taru ta wuce da wuri, in suka ta taru a janye ta. Suna kuma amfani da openQA, wadda asalinta daga openSUSE take: tana kunna tsarin, ta motsa linzami, ta danna, ta kwatanta abin da ke kan allo da hoton abin da ya kamata a gani. Gwaji ne mai kyau ƙwarai. Matsalar Fedora a wurinmu ba ta inganci ba ce, ta data ce. Sabuwa na fitowa duk wata 6, kowacce tana rayuwa kimanin wata 13, sabuntawa kuwa ba ta yankewa. Ka lissafa wannan sau 12, da kuɗin bandir, da wutar da kan ɗauke ana tsakiyar aiki.

Da muka iso kan Arch saurayin ya gyara zama. Na ce masa, ɗana, raba abu biyu. Rumbunan Arch na hukuma, core da extra, suna da masu kula na sanin kowa, kayan suna ɗauke da sa hannunsu, kuma muhimman ƙunsoshi suna bi ta rumbun gwaji kafin su fito. Tun 2023 ma aka narkar da tsohon rumbun community cikin extra. AUR kuwa wani abu ne daban. Ba manhaja ke ciki ba, takardun girki ne, PKGBUILD, da ke gaya wa na'urarka inda za ta ɗauko kaya da umarnin da za ta bi. Duk wanda ya buɗe asusu yana iya ajiye nasa, kuma ba wanda ke karantawa kafin ya bayyana. Su kansu mutanen Arch ba su ɓoye ba, sun faɗa ƙarara cewa kayan ba na hukuma ba ne, duk wanda ya ɗauka shi ya jiyo. Ƙuri'un da kake gani suna nuna farin jini ne kawai. A Yulin 2018 wani ya karɓi ƙunshin acroread da mai shi ya yasar, ya cusa masa umarnin sauko da wani abu daga waje. A Yulin 2025 aka ajiye wasu uku masu sunaye kamar na gyaran burauza, librewolf-fix-bin da firefox-patch-bin da zen-browser-patched-bin, ɗauke da muguwar manhaja mai ba wani ikon sarrafa kwamfutarka daga nesa. Masu amfani ne suka gano, aka cire su cikin kwana 2.

Ya ce, "To ai Kawu, an gano ke nan." Na ce an gano, amma wanda ya girka a ranar farko fa? A AUR mai dubawa kai ne. In kana iya karanta PKGBUILD, kana kuma karantawa duk lokacin da ya canja, to wuri ne mai albarka, kuma fayil ɗin gajere ne, a buɗe yake, ya fi PPA sauƙin bincike. In kuwa yay ko paru, masu girka maka kayan AUR kai tsaye, kake bugawa kana danna "e" ba ka duba ba, cinikin biri a sama kake yi. Na tambaye shi sau nawa ya karanta na ƙarshen da ya girka. Ya yi dariya ya kalli ƙasa.

Flathub ta zo da wata dabara. Maimakon ta dogara kacokan ga duban mutum, sai ta killace manhajar cikin shinge, ta rubuta abin da aka yarje mata: fayiloli, kyamara, intanet. 'Yan sa-kai suna duba takardar ginin a shigar farko. Sabuntawar da ke biyo baya na'ura ce ke tace ta, sai idan manhajar ta nemi ƙarin izini ko ta canja muhimman bayananta ne ake tsayar da ita mutum ya gani. Akwai alamar tabbaci da ke nuna cewa masu manhajar na asali ne suka ajiye ta da kansu, ba wani mai son taimako ba. Mint 22 ma ɓoye marasa alamar take yi sai ka je ka buɗe da kanka. Amma shingen ba ya wuce abin da aka rubuta: manhajar da aka ba izinin shiga dukkan fayilolinka, shingenta na kara ne. Flatseal tana nuna maka izinin, tana kuma barinka ka rage. Nauyi ma abin lura ne, don manhajar farko tana janyo ginshiƙin da ya kai ɗaruruwan megabait. Snap Store ta Canonical kuwa ta daɗe tana barin na'ura ta tace, har aka sami wasanni masu haƙar kuɗin kirifto a ɓoye a 2018, da jabun asusun kirifto a 2024, sannan Canonical ta koma sa mutum ya duba kowane sabon suna. Na npm da PyPI, inda masu koyon rubuta manhaja ke ɗebo kaya, ba ma sai an tsaya ba: ba mai dubawa kafin a ajiye, kuma kuskuren harafi ɗaya a suna kan kai ka ga kayan ɓarawo.

Labarin da ya fi taimaka min wajen auna su duka shi ne na xz. Ƙaramar manhaja ce ta matse fayil da kusan kowane Linux ke ɗauke da ita, mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana kula da ita shi kaɗai. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe sama da shekara 2 yana taimako har aka amince masa, sannan ya dasa ɓarauniyar ƙofa a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Inda ya ɓoye ta shi ne abin mamaki: cikin fayilolin gwaji. Ta wuce masu ɗauri, ta wuce na'urorin tacewa, ta shiga unstable da testing na Debian, da Rawhide na Fedora, da Tumbleweed na openSUSE, da Kali. Ranar 29 ga Maris 2024 Andres Freund, injiniya mai aiki a kan PostgreSQL, ya bayyana ta, bayan ya lura cewa shiga ta ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, a na'urarsa mai sid ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa ɗaya, ya ƙi barin abin ya wuce. Debian stable ba ta taɓu ba, haka Ubuntu LTS da Mint, ba don masu dubansu sun fi kaifin ido ba, sai don kayansu ba su riga sun kai wannan fitowar ba. Jinkirin da saurayin ke raina shi ne ya tsare su. Masu duba ƙunshi suna duba ɗauri ne da lasisi, ba su karanta dubban layukan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, kuma babu rumbun da ya yi alkawarin haka.

Don haka ga abin da na ce wa Malam. Na makaranta, Debian 13, ko Mint idan malaman sun fi jin daɗin fuskarta. Kada a ƙara PPA ko ɗaya. GCompris da Tux Paint da LibreOffice da Firefox duk suna cikin rumbun gida. In an buƙaci wani abu sabo da babu shi, a ɗauko daga Flathub mai alamar tabbaci, a duba izininsa. Kalmar sirrin mai gida ta tsaya a hannun mutum biyu, yara su shiga da asusun da ba ya iya girka komai. Laftof ɗaya a ɗora masa apt-cacher-ng, ya sauke sabuntawa sau ɗaya sauran 11 su sha daga gare shi, data ta huta. Mai shagon MoMo ko mai ajiye lissafin kasuwa ma shawarar ɗaya ce, har da ƙari: na'urar da kuɗi ke bi ta cikinta ba wurin gwaje-gwaje ba ce. Ɗalibin da ke son ganin sabon abu ba tare da ya zama mai gadin kansa ba, Fedora ta fi masa. Saurayin kuwa na ce ya ɗora Arch a nasa laftof ɗin, ya koyi karanta PKGBUILD, ya gudanar da namcap, mai tsefe ƙunshin Arch, a kan abin da ya gina, don ta nan ake zama mai ɗauri, kuma rumbunan nan suna ƙarancin hannu daga ɓangarenmu.

Akwai kuma gwajin da babu wanda zai yi mana shi a Jamus ko Amurka. Linux tana da tsarin allon rubutu na Hausar Ghana, mai ƙ da ɗ da ɓ, akwai kuma haruffan Larabci irin su Amiri da Harmattan, wanda SIL ta tsara don ajamin Afirka ta Yamma. Amma ba na'urar gwajin da ke duba ko wasullan ajami sun zauna daidai a takardar jarrabawa, ko ƙugiyar ƙ ta fito a tsohuwar firintar ofishin Malam, ko laftof zai farfaɗo lafiya in wuta ta ɗauke yana tsakiyar sabuntawa. Shi ya sa muka ware ɗaya daga cikin 12 ɗin, muka manna masa jan tef a murfi, ya zama zakaran gwajin dafi. Duk sabuntawar da ba ta gaggawar tsaro ba shi zai fara karɓa ranar Asabar, a buga shafi ɗaya na boko da ɗaya na ajami, a kunna sauti da Wi-Fi, in an kai Laraba ba abin da ya motsa sai a sake wa sauran. Malam ya ce aikin Asabar ɗin na ɗan ƙanensa ne, tunda shi ke son sabon abu.